Zanzibar da yarinya 'yar shekara ɗaya da wata bakwai: mu tafi da ita ko mu bar ta wajen Hajiya?

Maman_Nana22:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, musamman da ƙaramin yaro. Kusan shekara biyu ke nan ni da Abban Nana muna tara kuɗin tafiyar nan, tun da aka yi aurenmu ba mu taɓa fita ko'ina ba sai dai Kano zuwa Kaduna gaisuwa ko biki, to yanzu Allah ya sa zai samu hutun sati biyu kuma an ce ya zaɓa ko Yuli ko Disamba. Damuwata Nana ce. Shekararta ɗaya da wata bakwai, sai 20 ga Agusta za ta cika biyu, ban yaye ta ba, ga ƙiriniya ba ta minti biyu a wuri ɗaya. Hajiyarsa ta ce a kawo mata ita ta yaye ta kawai mu yi tafiyarmu, shi ma na ga can ya karkata, ni kuma wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya da hakan. Kwana shida muke son yi. Shin tafiya da yarinya kamar wannan wahala ce zalla? In kuma za a iya, wane gefen tsibirin ya dace mu sauka, kuma me zan tanada?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki ba wa Hajiya ita. Ba abin da za ta tuna a tafiyar nan, ke kuma hutun da kika je nema ba za ki same shi ba, raino ne kawai za ki canza masa gari. Tun da ga kaka ta ce a kawo ai kin samu gata, wasu nema suke ba su samu ba.

Hajjo_Zazzau:
Ni dai ban goyi bayan haɗa yaye da tafiya ba. A cire yarinya daga nono kuma a rana ɗaya uwa ta ɓace ta bar ƙasar gaba ɗaya, in ta yi zazzaɓin yaye fa? Da a cikin gari kike sai ki hau adaidaita ki je, amma daga can ko waya aka miki cikin dare sai kin nemi jirgi. Na je da Hanif yana shekara biyu da wata uku, mun yi kwana biyar, an sha wahala a jirgi ba zan ɓoye miki ba amma can ɗin lafiya ƙalau, yashi kawai ya gani ya manta da kowa. Mutanen can kuma akwai son yara, ko'ina muka shiga sai ka ji ana mtoto mtoto, wato yaro a yarensu, ana miƙo hannu.

Abu_Fatima_KD:
Kafin a yi nisa bari in ja hankalinki kan kuɗin jirgi don a nan lissafin yake. Yaron da bai cika shekara 2 ba a cinya ake ɗaukarsa, abin da ake biya masa kaɗan ne, yawanci wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba sai haraji. Ranar da ya cika 2 kuwa dole a saya masa kujerarsa, kuɗin kuma ba shi da nisa sosai da na babba. To tun da kin ce 20 ga Agusta, in kuka tafi Yuli kuka dawo kafin ranar kun tsira, in kuka bari sai Disamba tikiti uku za ku saya. Kuma ranar dawowa ake dubawa ba ranar tafiya kaɗai ba.

Maman_Nana22:
Kai Malam Abu Fatima Allah ya saka da alheri, wallahi sam ban kawo wannan a raina ba. Ke nan Yuli.

Baban_Yanbiyu:
Yuli ya fi ta wajen yanayi ma. Damina babba a can daga Maris ne zuwa Mayu, sai kuma ɗan ruwa a Nuwamba zuwa cikin Disamba, daga Yuni zuwa Oktoba kuwa rani ne mai ɗan sanyi-sanyi da iska, Disamba da Janairu zafi ne mai naso ga tsadar otal saboda Turawa masu hutun ƙarshen shekara. Amma Maman Nana maganar biza fa? Don in Yuli kuke nufi yau ya kamata ku fara ba gobe ba. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi biza a filin jirgin Tanzaniya, muna cikin ƙasashen da sai an nema ta intanet tun daga gida an tura hedikwatar shige da fice ta amince. Tamu ta ɗauki sama da wata guda. Yarinyar ma sai da fasfonta na kanta, shi kuma fasfo sai da NIN ɗinta da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, kin ga layi biyu ke nan kafin a zo kan bizar.

Maman_Nana22:
To ai wani ejan ya ce wa Abban Nana in mun sauka ake bugawa a can, dala 50 kawai.

Baban_Yanbiyu:
Wannan na wasu ƙasashe ne ba mu ba. Kar ku yarda, tun daga filin jirginmu za a hana ku hawa in babu takardar amincewa a hannu. Shi maigidan ya shiga shafin hukumar shige da ficen Tanzaniya da kansa ya karanta. Kuma shawarata kar ku biya kuɗin otal irin wanda ba a mayarwa sai biza ta fito.

Mariya_Zongo_Kumasi:
Mu masu fasfon Gana ba mu buƙatar biza zuwa Tanzaniya shi ya sa da na ga ana maganar wata guda na yi mamaki. Amma katin allurar shawara an tambaye mu, har na yarona.

Nas_Bilki:
Eh Anti Mariya, katin nan mai ruwan ɗorawa dole ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma yaron da ya kai shekara 1 shi ma ana tambayar nasa. Maman Nana ki duba katin rigakafinta, allurar shawara a wata 9 ake yi tare da ta ƙyanda, in an yi mata sai ki ɗauki katin ki je ofishin lafiya na filin jirgi su ba ta na tafiya ƙasar waje. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa ba sai an sake ba.

Tun da na shigo bari in faɗi abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Don girman Allah kar wanda ya ba ki shawarar ɗura mata maganin mura ko na ƙaiƙayi wai don ta yi barci a jirgi. Wasu daga cikinsu ba a ba wa yaron da bai kai shekara 2 ba kwata-kwata don suna iya danne numfashi, wasu yaran kuma maimakon barci sai su birkice. Abin da za ki riƙe a jakar hannu: farasitamol na yara da sirinjin awonsa, ma'aunin zafin jiki, ORS kamar ƙulli shida da zinc, man shafawa na sauro irin na yara, man kariya daga rana. Ruwan gora kawai za ta sha, da shi za ki dama mata komai. Sauro akwai, duk da maleriya ba ta kai tamu yawa ba, ki tabbatar ɗakin da gidan sauro. Sannan in tana da sikila ko asma wannan sai kin zauna da likitanta kafin a sayi tikiti. Kuma ga wani abu da ke goyon bayan Hajjo, nonon nan da ba ki yaye ba shi ne babban makaminki, lokacin tashin jirgi da saukarsa ki sa ta a nono, haɗiyar tana buɗe kunne, in kuma gudawa ta kama ta ta ƙi abinci nono ba za ta ƙi ba.

Ummu_Sadiq:
To ai duk jerin nan da Nas ta kawo shi ne hujjata. Hutu ne ko zaman asibiti?

Nas_Bilki:
Anti Ummu ko Kaduna za ta je kwana shida ai kayan nan zan ce ta ɗauka.

Kyaftin_Sule:
Ni maganar wurin sauka zan yi don shi mutane suka fi yin kuskure, su ga hoto a Instagram su biya. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum. A gabashin tsibirin, wato Paje da Jambiani da Matemwe, in ruwa ya janye sai ki gan shi can nesa kamar ya ƙaura, abin da zai rage sai duwatsun ruwa da ciyawar teku da wani abu baƙi mai ƙaya kamar ƙaramar bushiya, in yaro ya taka shi ranar ta lalace. A arewa kuwa, Nungwi da musamman Kendwa, ruwan ba ya janyewa da nisa, yashin kuma laushi. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota. Janyewar ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, mu da muke bin lissafin wata ba sai mun sha wahalar ganewa ba. A Yuli kuma iskar daga kudu maso gabas take bugowa, gabas ɗin ta fi samu, shi ya sa masu wasan lilo da iska a kan ruwa suke cika Paje. Da yarinya ni Kendwa zan ce.

Zee_Abuja:
Kyaftin ban yarda da kai duka ba. A Jambiani muka sauka da 'yata tana shekara biyu da rabi kuma janyewar ruwan nan ita ce ta fi mana daɗi, don yana barin ƙananan kududdufai masu ɗumi iya idon sawu, ta zauna a ciki tana wasa da bokitinta babu igiyar ruwa da za ta ɗauke ta, ga matan garin suna aikin noman ciyawar teku muna kallo muna gaisawa. Takalmin roba na shiga ruwa kawai na sa mata. Kendwa akwai zurfi kusa-kusa, taku kaɗan ruwa ya kai wa babba ƙirji, sannan akwai kiɗa da daddare a wasu wuraren har tsakar dare, yarinya ba za ta yi barci ba ke ma ba za ki so abin da idonki zai gani ba.

Kyaftin_Sule:
Maganar kiɗa gaskiya ce Hajiya Zee, na manta da shi. Sai dai a nemi masauki nesa da wuraren casun. Amma ki tuna a wane wata kika je.

Zee_Abuja:
Fabrairu. To ka yi gaskiya, iskar Yuli ban san ta a jikina ba.

Malam_Tukur_Gusau:
Ku gafarce ni in na fita daga layi. Kuɗin da za a kashe a kwana shida ana kallon ruwa, ba gara a ƙara a kai a yi Umara ba, ko a sa a wata sana'a? Ga halin da ake ciki a ƙasa. Kuma wuraren nan ba a rasa tsiraici da giya.

Hajjo_Zazzau:
Malam Allah ya ƙara ilimi, amma baiwar Allahn nan ta ce shekara biyu suna tarawa, guminsu ne, kuma miji ya fitar da iyalinsa su huta ba laifi ba ne. Zanzibar kuma garin Musulmi ne, mafi yawan mutanen Musulmi ne, kiran sallah kake ji ta ko'ina, matan da hijabinsu da abaya, yara da farar hula suna tafiya makarantar allo kamar kana Zariya. Ni da doguwar riga da wando da hijabi na shiga ruwa babu wanda ya kalle ni sau biyu. Giya da shigar banza a manyan otal na Turawa suke da wasu gaɓoɓin, mutum shi zai zaɓi inda zai sauka.

Malam_Tukur_Gusau:
To madalla, ban san haka garin yake ba. Allah ya kai su lafiya. A dai kula da sallah a hanya, akwai sauƙin ƙasaru ga matafiyi.

Dan_Maradi:
Ni tambaya gare ni, dole sai Zanzibar? Mu nan da muka so kai yara su ga teku Dakar muka tafi, muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore, minti ashirin ne kawai, babu mota ko ɗaya a tsibirin yaro ya yi ta gudunsa. Ku 'yan Najeriya ba ku buƙatar biza zuwa Senegal. Sai dai wuri ne na wuni guda da tarihi na cinikin bayi, ba na kwana shida ba.

Fa'iza_Doha:
In don Musulunci da ruwa mai kyau ne akwai Maldibs, biza a filin jirgi ake bayarwa kyauta ta kwana 30. Amma da yarinya mai ƙiriniya ban ba ki shawara ba, daga filin jirgi sai an sake shiga kwalekwale mai gudu ko ƙaramin jirgi mai sauka a ruwa, ɗakunan nan na kan ruwa da ake gani a hoto kuma da yawansu ba sa karɓar ƙananan yara don taku ɗaya ne tsakanin ƙofa da teku. Ga nisa ga tsada. Zanzibar ɗinki ta fi, aƙalla akwai gari, akwai kasuwa, akwai babban asibitin Mnazi Mmoja da asibitocin kuɗi a cikin birni.

Maman_Nana22:
Na gode Anti Fa'iza. Zanzibar ɗin dai, shi Abban Nana tun yana makaranta yake son ganin tsohon garin Zanzibar. Abinci fa? Nana ba ta cin komai sai kunun gyada da taliya da ɗan wake wani lokaci, in ba ta san abu ba sai ta tofar.

Hajjo_Zazzau:
Kar abinci ya dame ki, cimarsu ba ta da nisa da tamu. Suna da kunu suna ce masa uji, tuwon masara ugali, shinkafa da kwakwa, filau, capati, mandazi kamar fankenmu ne ba zaƙi sosai, sai dankali da ƙwai da ake soyawa tare suna cewa cips mayai, wannan Hanif ya rayu a kai. Ayaba da kankana da gwanda ko'ina. Ni na niƙa garin kunu da gyadarsa na zuba a roba mai murfi, na tafi da ƙaramin fulas da butar lantarki, soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku ba sai kin nemi wani abu ba. Abu ɗaya, in ba ta taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba kar ki fara gwada mata a can, in borin jini ya tashi kina ƙauyen bakin teku da daddare ba daɗi. Kasuwar dare ta Forodhani ku je ku gani, amma tsiren kifin da aka jera tun yamma kar ki ba ta, abin da aka soya a gabanki kawai.

Abu_Fatima_KD:
Ƙari kan na Hajjo, abincin jariri da madara da ruwansa ana bari a wuce da su wajen bincike ko sun wuce mil 100, ki dai fito da su daban ki nuna. Sannan Tanzaniya ta hana leda tun 2019, kar ki cika akwati da baƙar leda don ƙunshe famfas, ki nemi jaka ta yadi ko irin mai zif ɗin nan. Akwai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa wa baƙi daga Oktoban 2024, dala 44 ga babba, yara da rangwame, ta intanet ake biya kafin a tashi kuma ko kina da wata inshorar sai kin yi tasu. Ku sa ta a lissafi.

Maman_Nana22:
Keken turawa fa, in saya? Na ga kowa a filin jirgi da shi.

Zee_Abuja:
Na kai nawa na yi da-na-sani. A yashi ba ya tafiya, a tsohon garin kuma lunguna ne matsattsu kamar cikin birnin Kano wajen Kurmi, ga babura suna ratsawa ga matakala. Zani biyu da majanyi sun fi miki keken dubu nawa. Goyo na koma yi, matan can ma da kanga, wato irin zaninsu, suke goyon nasu. Inda keken ya yi amfani kawai a filin jirgin Adis Ababa da muka yi jiran awa huɗu ta yi barci a ciki.

Baban_Yanbiyu:
Maganar Adis ta tuna min. Ba jirgin da zai ɗauke ku daga Kano kai tsaye, Ethiopian sai ya tsaya Adis Ababa, Qatar sai Doha wanda zagaye ne mai nisa. Ku duba tsawon jiran da kyau kafin ku biya, wani tikitin yana da araha ne don jiran ya kai rabin kwana. Kuma ku nemi wanda zai sauke ku a Zanzibar ɗin kanta, kar a ce ku sauka Darussalam ku shiga jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu ce kuma a watannin iska teku yana jijjiga, manya ma amai suke. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Wani abu kuma da ya ruɗa ni, in direba ya ce miki saa moja ba ƙarfe ɗaya yake nufi ba, bakwai ne, na safe ko na dare, daga fitowar rana da faɗuwarta suke fara ƙirga awa, to ki sa ya rubuta miki a waya.

Umm_Khairat:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba amma tun da an zo kan ruwa dole in faɗa. Mun shiga ƙaramin kwalekwale zuwa tsibirin kunkuru, Changuu, wanda ake ce wa tsibirin kurkuku, da Khairat tana shekara biyu saura. Tafiyar ba ta fi rabin awa ba. Da za mu tafi ruwa lumui, da za mu dawo da la'asar iska ta taso, rigunan kariyar da ke cikin jirgin duk na manya ne, na sa mata ɗaya ta zame ta kai har ta rufe mata fuska, haka na cire na rungume ta ina ta salati ruwa yana fallatso mana tana ihu. Ba abin da ya faru alhamdulillah amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. In za ki shiga kwalekwale da ita ki sayi rigar ruwa daidai nauyinta mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu ki tafi da abinki, ki fita da sassafe, in kika ga iska ki fasa ko kin biya. Tsibirin yashin nan Nakupenda kuma babu bishiya ko ɗaya, kar ki kai ta. Kunkuran dai ta ji daɗinsu, manya ne sosai wasu sun haura shekara ɗari, amma ki riƙe hannunta don bakinsu da ƙarfi.

Sannan kwamin ninkaya na otal ya fi tekun ban tsoro a wajena. Yaro in zai nutse ba ya ihu. Ku raba aiki ke da maigida a fili, yanzu kai ke kallonta, yanzu ni, kar kowa ya ɗauka ɗayan yana kallo. Ɗakin da ƙofarsa take buɗewa kai tsaye kan kwamin kar ki karɓa ko kyauta ne.

Ummu_Sadiq:
Subhanallah. Kun ji ko. Ni fa ba mugunta nake ba, na bar Sadiq wajen mahaifiyata yana wata ashirin na yi Umara kwana goma, ya yi kukan kwana biyu ya ware, na dawo na same shi ya yi ɓulɓul. Haka aka yaye mu duka, gidan kaka ake kai yaro.

Hajjo_Zazzau:
Mahaifiyarki ce fa Ummu, kuma na tabbata ya saba da ita. Maman Nana, Nana ta saba da Hajiyar? Tana kwana a can?

Maman_Nana22:
Gaskiya ba ta taɓa kwana ba. Muna zuwa duk Juma'a, tana yarda da ita da rana amma da magariba ta yi sai ni. Kuma Hajiya tana fama da ciwon ƙafa, 'yar aikinta ce za ta yi yawancin bin ta.

Abban_Ilham:
Bari in yi magana a matsayin namiji don wataƙila abin da ke ran maigidanki ke nan bai faɗa ba. Shi so yake ya samu lokacinki, shekara biyu yana tara kuɗi yana hango ku biyu a bakin ruwa. Ba ƙin 'yarsa yake ba. In kin fi son a tafi da ita ki nuna masa kin gane wannan, kuma ku rage buri. Mu da muka je da Ilham abu ɗaya muke yi a rana, da safe, kafin sha ɗaya mun dawo, ta yi barcin rana mu ma mu huta, da la'asar a sauka yashi. Gonar kayan ƙamshi mun je ta ga kanumfari da kirfa da masoro a bishiyarsu, dajin Jozani mun ga jajayen biran nan da ba a samunsu ko'ina sai can, hanyar ba wuya na saɓa ta a wuya. Dolfin da nutso duk mun haƙura. Takwas na dare ta yi barci, sai mu zauna a baranda mu sha shayi mu yi hirar da muka daɗe ba mu yi ba. Shi ya sa ɗaki mai baranda ya fi muhimmanci a kan girman otal. Ku tambaya kuma kafin ku biya don wasu otal ɗin manya zalla suke karɓa. Kuma shi ma ya san zai yi goyo da canjin famfas, in ba zai yi ba gara a bar ta gida don ke ce za ki dawo a gajiye.

Dan_Maradi:
Ko ku tafi da ƙanwarki ko wata ta riƙa kama muku.

Baban_Yanbiyu:
Tikitin babba ɗaya da biza da ɗaki na biyu, ai lissafin ya tashi daga inda suke.

Nas_Bilki:
In ma shawara ta tsaya kan barin ta, kar a yi yayen ranar tafiya. Daga yanzu zuwa Yuli akwai lokaci, a fara rage na rana, a bar ta ta kwana wajen Hajiya sau ɗaya sau biyu kina gari a ga yadda za ta yi. Ke ma jikinki yana buƙatar hakan, in kika yanke rana ɗaya nono zai cika ya yi miki tsami har da zazzaɓi, a bakin teku za ki yi jinyar.

Maman_Nana22:
Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi na ƙaru fiye da yadda na zata. Jiya da daddare na karanta wa Abban Nana duka, maganar Abban Ilham ta sa ya yi shiru ya ce haka ne. Abin da muka tsayar yanzu, ranar Litinin za mu je yi mata NIN mu fara neman fasfo ko da wace shawara aka ƙare, mu sa sunanta a neman biza, sannan Juma'ar nan za ta kwana wajen Hajiya mu gwada kamar yadda Nas ta ce. Shi har yanzu yana ganin a bar ta, ni har yanzu ina ganin a tafi da ita, kuma ban san yadda zan faɗa wa Hajiya ba tare da ta ga kamar ban yarda da riƙonta ba ne. Wurin sauka kuma muna tunanin kwana biyu a tsohon gari, huɗu a arewa. Ko canza masauki da yarinya ƙarin wahala ne?

Kyaftin_Sule:
Ku fara da arewa ku ƙare da gari, don ranar komawa filin jirgi yana kusa, minti sha biyar zuwa ashirin. Kuma motocin haya ba su da kujerar yara, ku faɗa wa masaukin tun kafin ku zo ko za su samo.

Hajjo_Zazzau:
Maganar Hajiya kuma ba ke za ki faɗa ba, ɗanta ne zai faɗa, ya ce shi ne ya ga kuɗin jirginta ba yawa yanzu. In kun dawo sai ki kai mata ita yayen da kanki, da tsarabar kanumfari da kanga.

Ummu_Sadiq:
Ni dai ina nan kan bakana. Ki dawo ki ba mu labarin daren Juma'ar tukuna.

Umm_Khairat:
Maman Nana kilo nawa take yanzu? Rigar ruwan Khairat tana nan ba abin da ta yi, in ta yi mata daidai sai in ba wa direba ya kawo miki Kano.